Fim ɗin Stilyagi: me ya raba kan 'yan kallonsa?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A makon jiya ni da yayana muka kalli wani fim na ƙasar Rasha mai suna Stilyagi, wanda Valery Todorovsky ya ba da umarninsa, aka kuma fara haska shi a ƙarshen watan Disamba na 2008. Fim ne na rawa da waƙa, labarinsa yana faruwa a Mosko a 1955, wato shekara biyu bayan mutuwar Stalin. Jarumin, Mels, ɗalibi ne ɗan ƙungiyar matasan Kwaminisanci ta Komsomol, yana cikin 'yan sintirin da ke farautar samari da 'yan mata masu sa tsukakken wando da kwat mai launi suna rawa da kiɗan jaz na Amurka, waɗanda ake kira stilyagi. In sun kama su sai su datse musu gashi da almakashi, su tsarge musu wando. A wani samame ne ya haɗu da wata yarinya mai suna Polza, daga nan zuciyarsa ta karkata, har ya koma cikin waɗanda yake farauta, ya sayi saksafon a ɓoye, ya kuma yanke harafin ƙarshe na sunansa ya zama Mel.

Abin da ya kawo ni nan shi ne mun tashi daga kallon nan da saɓani mai zafi. Ni fim ɗin ya burge ni ƙwarai, na ga matasa ne da aka matsa wa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa yayana cewa ya yi an zalunci talakawan Sobiyet, domin an nuna su sanye da toka-toka kamar garken tumaki, sai 'yan rawa kaɗai aka bai wa launi da rai. Daga baya na ji cewa su ma Rashawan haka suka rabu, duk da cewa fim ɗin ya ci lambar yabo ta finafinan Rasha, Nika, ta gwarzon fim na shekara. Ina roƙon wanda ya san tarihin ƙasar, ko ya ga yadda mutanenta suka karɓi fim ɗin, ya bayyana mana inda gizo ke saƙa. Shin rashin bin tarihi ne ya ɓata wa wasu rai, ko kuwa akwai wani abu da mu baƙi ba mu gani ba?

Tsohon Ɗalibin Rasha ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ina ƙasar lokacin da fim ɗin ya fito, na kuma kalle shi a silima cikin hutun sabuwar shekara, wanda shi ne lokacin da gidajen kallo suka fi cika a can. Abin da na fara lura da shi shi ne yadda shekarun haihuwa suka raba zauren. Matasa suna ta kaɗa kai da dariya, masu matsakaitan shekaru suna bin waƙoƙin da baki tun kafin a kai amshi, wasu tsofaffi kuwa sun yi tsit, fuska ba walwala. Duk fim ɗaya suke kallo, amma kowane rukuni da abin da ya tuna masa.

Sai an fara sanin su wane ne stilyagi kafin a fahimci fushin tsofaffin. Sunan ba su ne suka raɗa wa kansu ba, zagi ne. Mujallar barkwanci ta gwamnati, Krokodil, ita ta yaɗa kalmar a 1949 cikin wani rubutu na izgili, daga nan ta zama tambarin da ake liƙa wa duk saurayin da ya tara gashi a goshi ya sa takalmi mai kaurin ƙasa. Sun san Amurka ne ta finafinan da aka kwaso ganima daga Jamus bayan yaƙi, da tsofaffin mujallu, da shirin jaz na Muryar Amurka da Willis Conover ya fara gabatarwa a 1955. Titin Gorky da ke tsakiyar Mosko suka raɗa wa suna Broadway, nan suke kai da komowa da yamma don a gan su. Tunda faifan jaz ba ya samuwa a kantin gwamnati, sai masu dabara suka riƙa karɓo tsofaffin hotunan ƙashi daga asibitoci, su yanke su a kewaye, su huda tsakiyar, su naɗi kiɗa a kai. Shi ya sa ake ce masa kiɗa a kan haƙarƙari, kuma abin da kika gani a fim game da wannan ba ƙari ba ne. Almakashin 'yan sintiri ma gaskiya ne, haka korar ɗalibi daga Komsomol, wadda sau da yawa kora daga jami'a ke biyo bayanta. Har kirari aka yi musu a lokacin, cewa wanda ya busa jaz yau, gobe ƙasarsa zai sayar.

To ga inda yayanki yake da hujja. A 1955 shekara goma ke nan kacal da gama yaƙin da ya ci ran mutanen Sobiyet kusan miliyan 27. Matar da ke sanye da baƙar kwat mai kauri a tashar mota ba don rashin sanin ado ta sa ta ba, ita ke nan gare ta, wataƙila mijinta bai dawo daga fagen daga ba, tana kuma raba madafa da makewayi da iyalai huɗu ko biyar a gidan tarayya. A ɗaya ɓangaren, da yawa daga stilyagi na farko a Mosko 'ya'yan manya ne, 'ya'yan jakadu da furofesoshi da manyan jami'an gwamnati, domin su ne iyayensu ke fita waje su dawo da tufafi da faya-fayai. Saboda haka dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a masana'anta a wancan zamani, ya zo silima ya ga an mai da shi da tsararsa bango mai launin toka wanda shafaffu da mai ke rawa a gabansa, dole ransa ya sosu. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ce mini su ma sun yi dariya, sun yi soyayya, sun yi rawa a 1955, ba su jira saksafon ba. Na kasa ba ta amsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai a yi wa fim ɗin adalci, bai ɓoye wannan ba. Fred, jagoran 'yan rawar, ɗan jami'in diflomasiyya ne, kuma wurin da mahaifinsa, wanda Oleg Yankovsky ya fito a matsayinsa watanni kaɗan kafin rasuwarsa a 2009, yake lallashinsa ya bar shiririta ya kama hanyar aiki a waje, yana cikin wuraren da suka fi ɗaci a fim ɗin. Ɗan babban gida ya yi wasansa ya koma gida lafiya, ɗan likita aka kama, wani aka tura soja, wata aka kore ta daga birni, Mels ɗan talaka kuma ya rasa katinsa na Komsomol. Wanda ya ce fim ɗin bai san bambancin gata ba, bai kalle shi da kyau ba.

Mai Kunnen Kiɗa ya amsa:

Na gode wa Baba da wannan bayani, amma ina ganin akwai rukuni na uku da ya kamata a tsaya a kansa, wato waɗanda ya ce suna bin waƙoƙin da baki. A nan ne mu da ba mu jin Rashanci muke tafka asara mafi girma, domin muna zaton waƙoƙin na zamanin labarin ne, alhali ba haka ba ne. Mafi yawansu waƙoƙin rok ne na Sobiyet na shekarun 1980 da farkon 1990, na ƙungiyoyi irin su Kino da Nautilus Pompilius da Bravo da Mashina Vremeni da Chaif, aka sake musu kiɗa ƙarƙashin Konstantin Meladze, aka kuma sauya baitocin wasu don su dace da labarin. Ke nan mutumin da yake da shekara arba'in a 2008, idan ya zauna kallo, idonsa yana ganin ƙuruciyar iyayensa, kunnensa kuwa yana jin tasa ƙuruciyar, ta lokacin Gorbachev, shugaban Sobiyet na ƙarshe, sa'ad da waɗannan waƙoƙi suke yawo a kaset daga hannu zuwa hannu. Shi kansa Todorovsky an haife shi a 1962, bai ga 1955 da idonsa ba, waƙoƙin tsararsa ya ɗauko.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne wurin da ake yi wa Mels shari'a a babban ɗakin lacca, Katya, shugabar 'yan sintirin Komsomol, tana tsaye tana tuhumarsa, ɗaruruwan ɗalibai cikin tufafi iri ɗaya suna buga benci suna karkata gaba da baya tamkar inji guda. Waƙar da suke rerawa ta Nautilus Pompilius ce daga tsakiyar shekarun 1980, mai magana a kan mutanen da aka ɗaure da sarƙa ɗaya, kuma asalinta suka ce ga tsarin Sobiyet. Sai fim ɗin ya ɗauke ta ya sa a bakin masu kare tsarin, suna rera ta da alfahari. Barashe yana jin sautin farko ya gane, tsikar jikinsa ta tashi, mu kuwa sai dai mu ce an tsara rawa da kyau.

Wannan dabara ita ma ta jawo nata rikicin. Masu riƙon rok da gaske sun ɗauki waɗannan waƙoƙi kamar kayan gado, musamman na Viktor Tsoi, jagoran Kino, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1990 yana da shekara 28, har yau kuma matasa suna rubuta sunansa a bango. A wurinsu, sauya baiti da lulluɓe waƙar da kiɗa mai sheƙi cin amana ne, balle a ce wanda ya yi aikin mutum ne da ya yi suna a waƙoƙin nishaɗi na kasuwa. Ni ban bi su a nan ba. Waƙar da aka kulle a akwati don gudun kada a taɓa ta, ƙarshenta mantuwa, kuma na tabbata akwai yaran da ta wannan fim suka fara neman asalin waƙoƙin. Amma na fahimci zafin, kuma ya nuna cewa ba 'yan kewar Sobiyet kaɗai ne suka yi ƙorafi ba, har da wasu da suka fi kowa ƙin ta.

Uwar Biyu ta amsa:

Ni kam ina bayan yayanki, ƙanwata, ko da yake dalilina ya ɗan bambanta da nasa. Kafin komai, ina jan hankalin wanda bai kalla ba cewa akwai wuraren da ba su dace a kalla tare da yara ba, kada sunan fim ɗin rawa da waƙa ya ruɗe shi.

Abin da ya dame ni shi ne yadda fim ɗin yake son in yarda cewa tsukakken wando da nektai mai hoton biri sun kai a kira su gwagwarmaya. A shekarun da labarin ke faruwa, ana sako dubban mutane daga sansanonin gwale-gwale, suna dawowa ba haƙora ba lafiya, a watan Fabrairu na 1956 kuma shugaban Sobiyet Khrushchev ya tsaya gaban babban taron jam'iyya ya tona laifuffukan Stalin. Waɗannan su ne manyan al'amuran zamanin, amma fim ɗin ya wuce su da ɗan ishara kawai, kamar jakar da mahaifin Bob, ɗaya daga cikin 'yan rawar, ya haɗa ya ajiye yana jiran ranar da za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan jaka ta fi duk raye-rayen taɓa ni, kuma na so a ce an daɗe a kanta.

Sannan dubi Katya. Yarinya ce mai gaskiya a abin da ta yi imani da shi, tana son Mels, shi kuma ya yi watsi da ita, amma sai aka mai da duk aƙidarta kishi kawai, kamar mace ba za ta iya tsayawa kan ra'ayi ba sai don namiji ya ƙi ta. Batun jaririn Polza ma haka, wanda aka haifa baƙar fata daga wani baƙo Ba'amurke. Rashawa da dama sun yi tsokaci cewa irin wannan labari an fi danganta shi da bayan bikin matasan duniya da aka yi a Mosko a 1957, lokacin da baƙi suka cika birnin, ba kafinsa ba. Abin da ya ceci wurin a idona shi ne mahaifin Mels, tsohon soja mai kiɗan akodiyon wanda Sergei Garmash ya fito a matsayinsa, da ya karɓi yaron ya rungume a matsayin nasu. Ku lura cewa wannan dattijo yana cikin masu toka-tokan da ake raina wa, amma shi ya fi kowa faɗin zuciya a fim ɗin gaba ɗaya. Da an ba mu irinsa uku ko huɗu, da yayanki bai yi fushi ba.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai, musamman batun waƙoƙin da ban taɓa sani ba. Anti, na karɓi maganarki a kan Katya, ban yi tunaninta ta wannan fuska ba. Saura abu ɗaya da har yanzu yake mini yawo a rai. Kusa da ƙarshe Fred ya dawo daga Amurka cikin kwat mara ado, ya gaya wa Mels cewa babu stilyagi a can, wanda ya fita titi da irin shigarsu ma mahaukaci za a ɗauke shi. Yayana ya ce wannan ya tabbatar da cewa wahalar banza suka sha, suna kwaikwayon abin da babu shi. Baba, yaya mutanen zauren suka karɓi wannan wuri?

Tsohon Ɗalibin Rasha ya sake amsawa:

An yi dariya, 'yata, amma gajeriya ce, irin wadda mutum ke yi in an taɓo masa inda yake ciwo. Ki tuna cewa masu kallon nan sun rayu cikin shekarun 1990. Kafin rushewar Tarayyar Sobiyet a watan Disamba na 1991, da yawansu sun ɗauka cewa da zarar an buɗe ƙofa rayuwa za ta zama kamar ta finafinan waje, sai ga hauhawar farashi ta cinye ajiyar iyayensu, ga albashin da ba a biya watanni, ga durƙushewar kuɗin ƙasar a 1998. Wasunsu sun je Yammacin da kansu sun ga hangen Dala ba shiga birni ba ne. Saboda haka maganar Fred ba labarin 1955 ba ce a kunnensu, labarin jiya ne.

Amma ban yarda da fassarar yayanki ba, saboda amsar da Mels ya bayar, wadda ma'anarta ita ce ai mu muna nan. A ganina nan ne fim ɗin ya faɗi abin da ya zo faɗa. Yaran nan sun zaci kwaikwayo suke yi, alhali ƙirƙira suka yi. Daga guntayen finafinai da murya mai shashshaka a rediyo da labulen da tela ya mayar kwat, sun haɗa wata Amurka da ba ta taɓa wanzuwa a ko'ina ba sai a titin Gorky. Kama da wane ba ta wane, gaskiya ne, sai dai abin da ya fito nasu ne na kansu, kuma daga cikinsu aka sami mawaƙa na gaske irin su Alexei Kozlov, mai busa saksafon da ya kafa ƙungiyar Arsenal, wanda bai taɓa ɓoye ba cewa shi stilyaga ne a ƙuruciyarsa.

Game da maganar Uwar Biyu cewa wando bai kai gwagwarmaya ba, na yarda stilyagi ba 'yan siyasa ba ne, ba su rubuta takardar koke ba, ba su nemi sauya gwamnati ba. Amma ba su ne suka mai da wando siyasa ba, hukuma ce. Gwamnatin da ta tura matasa da almakashi su auna faɗin ƙafar wando ita ta bayyana cewa faɗin nan ya shafi tsaron ƙasa. Kuma abin bai tsaya a tarihi ba. A shekarar da fim ɗin ya fito, an yi ta muhawara a majalisar Duma kan shawarar taƙaita shigar matasa masu bin salon emo da got a makarantu, a lokacin akwai kuma ƙungiyar matasa mai goyon bayan fadar Kremlin, Nashi, da aka kafa a 2005, wadda wasu masu sharhi suka ce ita suka tuna da suka ga ɗakin laccar nan. Shi ya sa fitowar ƙarshe ta raba mutane fiye da kowace. Mels da Polza suna tafe a titin, wanda tun 1990 aka mayar masa da tsohon sunansa Tverskaya, sai ga matasan zamanin 2008 iri-iri, masu tsayayyen gashi da masu baƙaƙen kaya da masu faffaɗan wando, sun cika shi suna waƙa tare. Wasu sun fito silima suna share hawaye, wasu kuma suka ce an cika zaƙi, domin a titi na gaskiya waɗannan rukunoni ba sa ga maciji da juna.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni mamaki. Cikin shekara ɗaya ko biyu, shigar stilyagi ta zama ado na bukukuwa a Rasha. Ana shirya bikin aure da walimar ƙarshen shekara ta ma'aikata da bikin kammala makaranta a kan salon, kowa ya sa kwat mai ruwan ɗorawa ko siket mai faɗi. Tsofaffin stilyagi na ainihi sun riƙa cewa su ba su taɓa yin launi haka ba, domin ko yadin ma babu shi a lokacin, amma ba wanda ya saurare su, hoton fim ya riga ya maye gurbin na tarihi. Na halarci irin wannan walima sau ɗaya kafin in baro ƙasar, shugaban sashenmu da kansa ya ba da sanarwa cewa kowa ya zo da shigar stilyagi, aka kuma tsayar da mutum a bakin ƙofa yana mayar da duk wanda ya zo da baƙar kwat.